Nazarin lamari: shagon gyaran waya a Kano da ya koma ɓamɓare gilashin bayan iPhone da hasken leza

Shagon, da inda matsalar ta samo asali

Shagon ƙarami ne, a ɗaya daga cikin kasuwannin waya na birnin Kano. Teburin aiki biyu ne a ciki, sai benci guda na kwastomomi, sai kanta mai gilashi da aka jera sikirin da batura. Mai shagon, wanda za mu riƙa kira Maigida kamar yadda yaransa ke kiransa, ya fara gyaran waya tun zamanin Nokia mai tocila. Yara uku ne a hannunsa. Babbansu ya kusa yaye, biyun kuma koyo suke yi. Aikin yau da kullum bai wuce canjin sikirin da batir da wurin caji ba.

A watan Satumba na 2017 kamfanin Apple ya fito da iPhone 8 da 8 Plus, a Nuwamba kuma iPhone X ta shiga kasuwa. Dukkansu da gilashi aka rufe bayansu maimakon alminiyam, domin a iya yi musu caji ba tare da igiya ba, tunda ƙarfe yana tare maganaɗisun da ke ɗauko wuta daga faifan caji zuwa cikin waya. Bayan gilashi ba baƙon abu ba ne a wurin Maigida. iPhone 4 ta 2010 ma gilashi ne a bayanta, amma sukuru biyu za ka kwance a ƙasa, ka tura murfin sama, ya fita. Wannan karon kuwa an manne gilashin ne kai tsaye a jikin farantin ƙarfen da ke cikin kwangon wayar, da wani gam mai taurin kai, aka kuma yi wa zoben kyamara walda ta yadda ya danne gilashin ta sama. A tsakiyar farantin akwai rami, a nan ne naɗin caji, wato naɗaɗɗiyar siririyar wayar da ke karɓar wuta daga faifan caji, yake kwance, ba abin da ya raba shi da gilashin sai ɗan siririn manne.

A Amurka a wancan lokacin, wanda bayan wayarsa ya fashe ba shi da inshora, Apple na cajinsa dala 349 a iPhone 8, dala 399 a 8 Plus, dala 549 a X, don a zahiri wayar ake sauya masa. Apple ba shi da shagon kansa a Najeriya, kuma ko da yana da shi, ba mai biyan wannan kuɗi a kan wayar da ya saya ta hannu. Daga wajen 2019, da na hannu suka fara shigowa da yawa ta Legas da Dubai, sai fasasshen baya ya zama aikin da ake kawo wa shagon kusan kowane mako. Wayar na aiki lafiya lau, amma bayanta kamar saƙar gizo-gizo, tana yanka yatsa, tana tsinka aljihu, in kuma aka zo sayarwa ko musaya dillali ya karya mata daraja.

Gwaji na farko: bulowa da reza (2019)

Abin da ke hannu aka fara ɗauka. Bulowar da ake narka dalma da ita tana fitar da iska mai zafin da ya haura digiri 300. Farantin raba sikirin kuwa ana sa shi tsakanin digiri 80 da 90, kuma a wannan zafin gam ɗin da ke tsakanin gilashin gaba da sikirin yakan yi laushi har a ratsa shi da siririyar waya. Maigida ya ɗauka na baya ma haka zai yi. Ko gezau bai yi ba.

Na taɓa zama na kalli babban yaron yana wannan aiki a kan wata iPhone 8 Plus. Ya kifa ta a kan tsumma, bulowa a hagu, reza a dama. Ya gasa wuri kamar faɗin kwabo, ya cusa bakin rezar a tsaga, ya danna, sai wani ɗan gutsure ya yi tsalle, bai kai ƙwayar wake ba. Saura kuma su ruɓuɓɓushe kamar sikari, su watsu a tebur, su shiga ƙarƙashin farce. Babban yatsansa na naɗe da filasta tun daga aikin jiya. Ya fara bayan azahar, aka kira la'asar bai ci rabin bayan ba. Waya guda takan cinye awa biyu zuwa uku, kuma duk wannan lokacin teburi ɗaya cikin biyu a rufe yake.

Ɓata lokacin ma da sauƙi a kan ɓarnar. An samu wayar da batirinta ya kumbura kwana biyu bayan gyara, har ya ɗago sikirin. An samu wadda reza ta zarce ta ramin tsakiya ta yanke naɗin caji. Gefen kwango kuwa da wuya ya fita ba ƙarzuwa. Batirin litiyam ba ya son zafi ko kaɗan. Apple da kansa ya ce wayar an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, ga shi kuma ana hura mata ɗaruruwa a baya, a garin da bazara kaɗai kan kai 40.

Da bulowa ta gaza, Maigida ya aro farantin infared irin wanda ake ɗumama bod, wato allon kayan lantarkin waya, da shi kafin a ɗaga aisi, ƙananan ƙwayoyin da ke kansa. Tunaninsa shi ne, tunda wannan zafin haske ne ba iska ba, zai ratsa gilashin ya je ga gam ɗin. Tunanin ya kama hanya, sai dai irin hasken ne bai dace ba. Farantin yumɓu na infared haske mai dogon zango yake fitarwa (zango shi ne ma'aunin da ke bambanta wani irin haske da wani), gilashi kuma shanye irin wannan haske yake yi tun daga fatarsa. Wato dai gilashin ne ke fara zafi, zafin ya gangara a hankali, ya iske farantin ƙarfe wanda ke kwashe shi ya rarraba ko'ina. Kafin gam ya ji a jikinsa, batir da kyamara da bod duk sun gasu. An samu zafi mai daidaito fiye da na bulowa, amma gam ɗin na nan daram.

Gwaji na biyu: sabon kwango, sinadari, sanyi (2019 zuwa 2020)

Daga nan shagon ya koma sauya kwango baki ɗaya: a sayi sabon gida mai gilashinsa a manne, a kwashe kayan cikin tsohuwar waya kaf a zuba a ciki. Wannan yana yi, sai dai yana nufin kwance sukuru masu ɗimbin yawa da girmansu ya bambanta, da ɓamɓare batir, da ɗaga siraran igiyoyin maɓallai. Kwangon kasuwa kuma ba duka ne ke zama daidai ba. Wani maɓallin ƙara ya yi tauri, wani sabis ya ragu. A iPhone X akwai ƙarin fargaba, don igiyar da ke haɗe da lasifikar kunne in ta yage, Face ID, wato buɗe waya da fuska, ya tafi ke nan. Kuɗin ma ya ninka, kwastomomi da yawa suka gwammace su saya wa wayar kes su rufe aibin.

An gwada sinadaran narkar da gam, tina da asiton, suka ci fenti da roba, suka kasa shiga ƙarƙashin gilashin da ke manne. An ji labarin masu amfani da sanyi, ko busasshiyar ƙanƙara mai digiri 78 ƙasa da sifili, ko injin daskarewa da ke sa gam ya yi ƙaras ya karye. Busasshiyar ƙanƙara ba abin da za ka aiki yaro ya sayo a bakin kasuwa ba ne, injin kuma ya fi ƙarfin wutar shagon. Aka bar wannan maganar. Sai kullen korona na 2020 ya zo, kasuwa ta rufe, aikin ya tsaya cik.

Zuwan injin (farkon 2021)

Injin leza, mai aiki da tattararren haske, ya iso daga Shenzhen ta ƙasar Sin ta hannun wani ɗan kasuwa a Legas. Akwati ne da bai kai ƙaramin firji ba, da ƙofa mai taga baƙa, da tire a ciki inda ake kifa waya, da kwamfutar da ke ba shi umarni. Lezar faiba ce mai ƙarfin wat 20, irin wadda ake zana suna da lamba da ita a jikin ƙarfe. Hasken da take fitarwa tsawon zangonsa nanomita 1064 ne. Idon mutum yana ganin abin da ke tsakanin kusan 400 da 700 ne kawai, saboda haka wannan hasken ba a ganinsa sam. Jan ɗigon da ke yawo a kan wayar kafin a fara wata 'yar fitila ce daban, ta nuni.

A nan ne bambancin yake da farantin infared. Wannan zangon gilashi ba ya shanye shi, ratsawa yake yi kamar yadda hasken rana ke ratsa taga. Launin da muke gani a bayan waya, ja ko baƙi ko ruwan zinare, fenti ne da aka shafa a cikin gilashin ta ƙasa, kuma gam ɗin a jikin fentin yake riƙe. Hasken sai ya wuce gilashin bai taɓa shi ba, ya faɗa kan fentin, fentin ya shanye shi. Ga shi an tattara shi a ɗigon da bai fi kaurin gashi ba, ana kuma sakinsa ne a ƙyafta-ƙyafta, sau dubbai a daƙiƙa guda, kowace ƙyaftawa gajeriya ce ƙwarai har zafin ba ya samun sararin yaɗuwa. Fentin da fatar gam ɗin da ke wannan ɗigon su ƙone nan take su zama hayaƙi da toka. Madubai biyu ƙanana ne ke karkata hasken, yana tafiya layi-layi kamar mai huɗa a gona, har ya share duk inda aka zana masa. In an gama, gilashin na nan a wurinsa, amma abin da ke riƙe da shi ya zama gari.

Wat 20 bai kai tsohon ƙwan fitilar ɗaki ba. Bulowa ta ninka shi sau da yawa. Inda ƙarfin ke sauka ne ya raba su.

Wani abu da ya ba ni sha'awa da na bi diddigin lamarin: sikirin ɗin iPhone X kansa da irin wannan dabarar aka haife shi. Irin wannan sikirin, wato OLED mai lanƙwasuwa, ana gina shi ne a kan siririyar roba da aka shimfiɗa a kan gilashi mai kauri, in an gama sai a harba leza mai zangon nanomita 308 ta bayan gilashin, robar ta saki. A masana'antar aisi ma akwai salatif da ake manna faifan silikon a kai kafin a yayyanka shi, wanda da an haska masa hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, yake sakin danƙonsa, a tsince ƙwayoyin ba tare da sun karye ba. Likitocin haƙori kuma suna cire rufin tangaran da aka manna a haƙori da leza mai zangon 2940, wadda ke ratsa tangaran ta ci simintin da ke ƙasa. Yaran shagon sun saba da hasken UV a matsayin mai busar da gam. Sai da suka ga na injin da idonsu kafin su yarda haske na iya kwance abin da aka manne.

Makonni shida na farko

An fara da matattun wayoyin da ke cikin durowa. Sakamakon ya burge kowa. Bayan zagaye biyu, kowanne na 'yan mintuna, baƙin bayan wata iPhone 8 ya koma garau, ana hango farantin ƙarfe ta cikinsa, an sa bakin ƙarfen ɓamɓara, gilashin ya riƙa tashi manya-manya kamar ɓawon rogo. Wanda ya sayar da injin ya ce ba sai an buɗe waya ba, taswirar kowane samfuri da ke cikin kwamfutar ta san inda za ta kauce wa: kyamara, filas, makirufo, da da'irar tsakiya. Aka ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta.

Ɓarna ta farko a mako na biyu ta zo. iPhone XR da iPhone 11 girmansu ɗaya ne cif, milimita 150.9 a tsaye, 75.7 a kwance, tire ɗaya suke zama. Amma XR kyamara ɗaya gare ta, 11 kuwa biyu ne a cikin murabba'i. Ƙaramin yaron ya kifa 11, ya danna taswirar XR, ya rufe ƙofa. Hasken ya bi ta kan kyamara ta biyu. Daga waje ba abin da ya nuna. An manna sabon gilashi, aiki ya yi kyau, mai wayar ta biya ta tafi. Washegari ta dawo.

"Malam, duba min nan. Duk hoton da na ɗauka sai wannan layin ya fito."

Maigida ya karɓa ya buɗe kyamara, ya haska farin bango. Da ya juya zuwa kyamarar mai faɗi, sai ga layi ruwan hoda ya ratsa hoton daga sama har ƙasa, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a gefensa. Gilashin kyamara aikinsa ke nan ya tattara haske a kan ƙwayar da ke ɗaukar hoto, ya kuwa tattara na lezar.

"Hajiya, ki yi haƙuri, daga wajenmu ne. Ki bar min ita zuwa gobe in sha Allahu."

Shagon ya sayi kyamara da kuɗinsa. Garin gyaran gira an rasa ido, a zahiri ba karin magana ba.

Ta biyu ta fi koyar da darasi, don babu wanda ya danna abin da ba daidai ba. Wata iPhone X ce da mota ta taka gefenta, kwangon ya ɗan lanƙwashe, ta yadda in an kifa ta kusurwa ɗaya ba ta taɓa tire. Hasken leza yana cin abu ne kawai a daidai tazarar da aka saita shi. In wurin ya yi sama ko ƙasa da ɗan milimita, ɗigon ya baje, ƙarfinsa ya tsinke. Gefen da ya ɗago bai ƙone ba. Babban yaron ya ga haka, ya ƙara ƙarfi, ya sake sakin zagaye a kan bayan duka. Gefen da tun farko ya riga ya ƙone ba sauran fenti a kansa da zai tare hasken, sai ya wuce ta wata kafa a farantin ƙarfen ya babbake siririyar igiyar da ke ƙasa. Caji ba igiya ya daina aiki.

Sai hayaƙi. Ƙonannen fenti da gam suna da wani wari mai kama maƙogwaro, kamar ana ƙona leda a rufaffen ɗaki. 'Yar fankar da ta zo da injin cikin shagon take busa shi. Kafin wata ya cika, yaran na tari, maƙwabcin shago ya fara ƙorafi. Mafi muni, wata rana Maigida ya dawo daga masallaci ya tarar an danne maɓallin da ke hana injin aiki in ƙofa na buɗe da salatif, ƙofa a buɗe, ƙaramin yaron ya sunkuya yana kallon yadda tartsatsi ke bin layi. Wannan haske da ba a gani shi ne mafi hatsari ga ido, don ido ba ya ƙyaftawa ya kare kansa daga abin da bai gani ba, kuma ƙwayar idon tana tattara shi a kan bayan ido kamar yadda kyamarar Hajiya ta yi. Ga farantin ƙarfe mai sheƙi a ƙasa yana mayar da haske. Allah ya tsare, yaron bai samu rauni ba. Ranar ya sha faɗan da bai taɓa sha ba.

Na ƙarshe wuta ce. In an ɗauke ta ana tsakar zagaye, ko janaretan kasuwa ya yi tangal-tangal, kwamfutar ta mutu, sai a sake daga farko, a maimaita wurin da aka riga aka ƙona.

Gyaran tsari (wata na biyu zuwa na huɗu)

Maigida ya dakatar da karɓar aikin na mako guda, ya koma kan matattun wayoyi. Abin da ya fito da shi bai rubuta a ko'ina ba, amma yaran sun haddace.

Kyamarar baya ana cire ta kafin waya ta shiga injin, duk abin da taswira ta ce. Wannan ya ƙara buɗe sikirin a cikin aikin, wajen minti goma, kuma tun daga ranar ba a sake ƙona kyamara ba. In kwango ya lanƙwashe, ko wayar mai tsada ce, batir da bod ma fita suke yi, a sa kwango tsurarsa. Kafin a saki haske, sai an kunna jan ɗigon nuni ya zagaye iyakar taswirar a kan wayar, mutum biyu sun gani, wanda ya saita da wanda bai saita ba. Ana auna tazara da sandar saiti a kowace waya, ba sau ɗaya da safe ba.

Batun ƙarfi kuma aka juya shi. Maimakon zagaye ɗaya mai zafi, sai biyu ko uku masu sauƙi, a duba tsakaninsu. Inda bai ci ba, shi kaɗai ake zana wa ƙaramar taswira a maimaita, ba a sake bi ta kan wurin da ya riga ya yi garau. Sun lura cewa baƙi da launuka masu duhu sun fi saurin ci, fari da azurfa kuwa suna mayar da haske, sai an ƙara musu zagaye. Inda gilashi ya dagargaje ya yi fari fat, tsagogin na warwatsa hasken, nan ma ba a dagewa. A kankare garin da hannu sannan a haska. iPhone 11 Pro da danginta masu gilashin da aka dusashe suna buƙatar ɗan ƙarin haƙuri saboda wannan dalilin.

Da'irar tsakiya, inda naɗin caji yake, leza ba ta zuwa. Wannan guntun da hannu ake ɗaga shi, da ɗan ɗumi kaɗan da ɗigon sifirit da katin roba. Da iPhone 12 ta Oktoban 2020 ta fara shigowa hannun mutane, sai aka faɗaɗa wurin da ake kauce wa, don an jera zoben maganaɗisun MagSafe, mai kama faifan caji, a kewayen naɗin, kuma zafi na rage musu ƙarfi.

Bayan gilashi ya fita, ana share tokar da buroshi, a goge da sifirit har ƙarfen ya yi tas, don sabon gam ba ya kama toka. Zoben kyamarar da aka yi wa walda ba a taɓa shi. Gilashin canji mai babban rami ake sawa, wanda ke zurawa ta kan zoben. A shafa gam, a ɗora, a matse da maƙalai na 'yan awanni. Ana gaya wa kwastoma tun kafin ya biya cewa kariyar ruwan da wayar ta zo da ita daga kamfani ba ta nan kuma.

An sayo inbata da batir aka ware wa injin da kwamfutarsa. An jawo bututu daga bayan akwatin zuwa waje ta saman rufi, da fanka mai zuƙa. An sayo tabarau na leza wanda aka rubuta zangon 1064 a jikinsa, don baƙin tabaran rana ba ya tare wannan haske, ƙara buɗe ƙwayar ido ma yake yi. Mukullin injin ya koma aljihun Maigida.

Daga nan aikin hannu a waya guda ya sauko ƙasa da awa ɗaya, ban da jiran gam ya kama. Maƙwabtan shaguna suka fara kawo nasu kwangon a ƙona musu, su biya ladan injin, su tafi su ƙarasa da kansu.

Hunturun farko

Wajen ƙarshen Disamba ƙarfin injin ya fara raguwa. Wayar da ke fita a zagaye biyu sai ta nemi huɗu. Babban yaron ya ce lezar ce ta fara mutuwa, aka fara lissafin asara. Maigida ya kashe injin, ya haska tocila a gilashin da hasken ke fitowa ta cikinsa, sai ga shi ya yi dusu-dusu: ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙon hayaƙi ta yi masa rufi. Rufin nan na shanye wani kaso na hasken, in kuma aka bar shi yana iya ƙonewa ya bar tabo a gilashin har abada. Aka goge shi da takardar goge tabarau da sifirit mai tsabta, a hankali, ba da gefen riga ba. Ƙarfi ya dawo. Tun daga nan goge shi ya shiga aikin ranar Asabar, da hazo kuwa kullum da safe, kuma ana lulluɓe akwatin da dare.

Daga 2022 zuwa yanzu

A Satumban 2022 Apple ya fito da iPhone 14 da 14 Plus da sabon gini: bayansu murfi ne mai fita da kansa, a kwance sukuru biyu, a ɗan ɗumama, a ɗaga. Samfuran Pro na wannan shekarar sun ci gaba da tsohon gini, amma a 2023 su ma aka sauya su. Kuɗin da Apple ke caji a Amurka a 2023 ya nuna girman canjin: dala 549 a bayan 14 Pro Max, dala 199 a bayan 15 Pro Max. A 2024 kuma iPhone 16 ta zo da gam ɗin batir da ke saki in an jona masa batir mai bolt 9 na minti ɗaya da rabi. Masu ƙera wayar sun fara sa hanyar kwancewa a cikin gam ɗin tun daga masana'anta.

A Kano wannan bai kashe injin ba tukuna. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a Yuni, sabuwar waya ta yi wa mutane nisa, masu 11 da 12 da 13 suka riƙe nasu da kyau, kuma duk waɗannan manne suke. Kuɗin gilashin canji da na man janareta sun tashi, ribar kowane aiki ta ragu, amma yawan aikin bai ragu ba. Babban yaron an yaye shi, ya buɗe teburinsa a wani layin, yana kawo kwango a ƙona masa. A ranakun da babu fasasshen baya, ana zana suna da injin a jikin filas ɗin shayi da maƙalin mukulli na rabon biki.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina bulowa da farantin infared ba rashin ƙwarewa ne ya kayar da su ba. Duk biyun daga waje suke turo zafi, gam ɗin kuma a tsakiya yake, tsakanin gilashin da ke jinkirta zafi da ƙarfen da ke kwashe shi zuwa batir. Ko wane gwani aka ba, da wannan lissafin zai yi karo. Lezar ta ci nasara ne don zangonta ya dace da kayan: gilashi ya bar ta ta wuce, fenti ya tare ta, ta kuma gama aikinta a kowane ɗigo kafin ƙarfen ya ankara. Da bayan wayar roba baƙa ce ko ƙarfe, wannan injin ba abin da zai tsinana sai zane a fatarta.

Wannan halin nata kuma shi ya jawo duk ɓarnar makonnin farko. Duk abin da ya fara tare ta shi take ci, ko gam ne, ko ƙwayar kyamara, ko igiyar caji, ko idon yaro. Maganar da aka yi wa Maigida cewa ba sai an buɗe waya ba tana tsayawa ne a kan waya miƙaƙƙiya, taswira daidai, da wutar da ba ta ɗaukewa. Wayoyin da ake kawowa gyara kuwa faɗuwa suka yi kafin su zo, da yawansu a lanƙwashe. Minti goman cire kyamara shi ne gyaran da ya fi kowanne biya, kuma ya kamata a ce da shi aka fara tun ranar farko. Bututun hayaƙi da tabarau ma bai kamata a jira tari da tsoro kafin a saye su ba. A nan Maigida ya yi sakaci, kuma shi da kansa ya faɗa.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A wannan shagon ta biya, saboda ya saya da wuri, a lokacin da ba kowa ke da injin ba a layinsu, kuma ladan da maƙwabta ke biya ya ɗauki kaso mai kyau na kuɗin. Wanda zai saya yau lissafinsa daban ne: samfuran da ke buƙatarsa sun tsaya a 13 da 14 Pro, kowace shekara kuma tsufa suke yi. Da na tambayi Maigida ko zai sayi na biyu, sai ya ce a'a, kuɗin zai sa ne a madubin ƙara girma da kayan aikin bod. Muna maganar ne ƙaramin yaron na kwance kyamarar wata jar iPhone 11, ya ajiye ta a murfin gwangwani, sannan ya kira ɗan'uwansa ya zo ya duba masa taswira.